Tsibirin Gore: Ganuwar tsakiyar teku da labarinta ya iso har Jalingo

Ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Mayo Gwoi a Jalingo doguwar tafiya ce a gabansa. Yakan gangara ya faɗa kogin Lamurde, Lamurde ya kai shi Binuwai, Binuwai ya miƙa shi ga Kwara a Lakwaja, daga can kuma sai Tekun Atlantika. Da yawa daga mazauna unguwar ba su taɓa ganin inda ruwan nasu yake ƙarewa ba. Sai dai mutanen teku sun taɓa biyo wannan hanya suka iske kakanninsu har gida. A shekarar 1892 wani hafsan sojan ruwan Faransa ya hauro Kwara da Binuwai da jirage biyu da igwa, kuma ɓarnar da igwar ta yi tana cikin tushen kafuwar garin Jalingo.

Duk mai son ya gane irin ƙarfin da ya turo wannan hafsa, akwai inda zai je ya gani da idonsa. Tsibirin Gore ne, wani ɗan dutse da ke cikin teku daura da birnin Dakar na ƙasar Senegal, wanda Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙwace shi daga hannun juna, suna gina masa ganuwa, suna girke masa manyan bindigogi. A yau 'yan yawon buɗe ido ne ke cika shi.

Wurin bai yi wa mutanenmu nisa kamar yadda ake zato ba. Kowace shekara ɗimbin 'yan Tijjaniyya daga Arewacin Najeriya da Nijar kan tafi Kaulaha domin Maulidi da ziyarar kabarin Shehu Ibrahim Inyass, kuma masu zuwa ta jirgin sama kusa da Dakar suke sauka. Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar zuwa Gore tafiyar kamar minti 20 ce a jirgin fito. Wanda ya keta ƙasashe ya je Senegal, ya dawo bai ware wuni guda ya tsallaka ba, ya baro wani yanki na tarihin kansa a can. Sharaɗin dai shi ne a je da sani, domin a tsibirin gaskiya da ƙari a cakuɗe suke, kuma maziyarci ne zai tace.

Minti ashirin a kan teku

Jirgin fiton yakan yi sawu da yawa a rana. Kuɗin tikiti hawa-hawa ne: na mazauna Senegal daban, na sauran 'yan Afirka daban, na waɗanda suka zo daga wasu nahiyoyi kuma daban. Saboda haka fasfo ya kasance a hannu tun daga bakin tasha. A cikin jirgin ana cuɗanya da ɗalibai, da ma'aikata, da Turawa masu rataye da kyamara, da baƙaƙen fatar Amurka da suka zo neman tushe, da mata 'yan kasuwa waɗanda tun a kan ruwa suke fara ƙulla sabo da baƙo, su gaya masa sunansu, su nemi alkawarin zai biya ta rumfarsu.

Abin da ido ke fara kamawa shi ne siffar tsibirin: tudu baƙi a kudu, sannan ƙasa ta kwanta ta miƙe zuwa arewa, inda wani gini mai da'ira ya tsuguna a bakin ruwa da tagogin igwa a jikinsa. Jirgin yakan kewaye wannan gini kafin ya shiga 'yar tashar tsibirin, inda yara ke iyo a gefen kwalekwalen masunta.

Da an sauka, abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne shiru. Babu mota a Gore. Lunguna ne na yashi da dutse, gidaje masu bene an shafe su da jan fenti da rawaya da ruwan hoda, furanni sun zubo ta kan katanga, ga itatuwan kuka nan da can. Tsawon tsibirin kamar mita 900 ne, faɗinsa kamar 300, girmansa duka kimanin hekta 28, mazaunansa kuwa ba su kai 2,000 ba. Mai ƙafa zai iya kewaye shi tsakanin Azahar da La'asar. Duk da wannan ƙanƙanta, lokacin da hukumar UNESCO ta buɗe jerin wuraren tarihi na duniya a 1978, Gore na cikin wurare 12 na farko da aka rubuta, tare da majami'un dutse na Lalibela a Habasha.

Dutsen da kowa ke so

Mutanen yankin suna kiran tsibirin Ber. Turawan Fotugal ne suka fara isowa a 1444, ƙarƙashin wani matuƙin jirgi mai suna Dinis Dias. A farkon ƙarni na 17 ya koma hannun Turawan Holan, waɗanda daga harshensu sunan Gore ya fito, kuma su ne suka gina masa sansani biyu, ɗaya a kan tudu, ɗaya a ƙasa. Ingilishi sun ƙwace shi a 1664, Holan ta ƙwato abinta a cikin shekarar. A 1677 rundunar ruwan Faransa ƙarƙashin Jean d'Estrées ta ci tsibirin. Ingila ta sake karɓe shi fiye da sau ɗaya, ciki har da 1758, kafin ya koma hannun Faransa a 1817, inda ya zauna har Senegal ta sami 'yancin kai a 1960.

Me ake nema a dutsen da ba ya noma, ba ya kiwo? Amsar tana cikin inda Allah ya ajiye shi. Zirin ƙasar da Dakar ke kai shi ne ƙarshen nahiyar Afirka ta yamma, duk jirgin da ya taso daga Turai zai nufi kudu kusa da nan yake bi, kuma bayan tsibirin akwai ruwa mai kwanciya inda jirage ke iya tsayawa lafiya. Na biyu, Turawan wancan zamani ba su da ƙarfin zama a kan tudu yadda suke so. Akwai sarakuna masu dawaki da mayaƙa, irin su Damel na Kayor, waɗanda sai an biya su kuɗin fito kafin a yi ciniki a ƙasarsu. Tsibiri ya ba Bature abin da ganuwa da gwalalo suka ba mutanen Kano da Zazzau, wato wurin kwana da ajiyar dukiya wanda maƙiyi ba zai faɗo masa da dare ba. Teku ce gwalalonsa.

Kayan da ake tarawa a nan sun haɗa da ƙaro, da fatu, da kakin zuma, da zinariya, da kuma 'yan Adam. Daga baya gyaɗa ta shigo.

Amma tsibirin yana da lagonsa. Ruwan sha kaɗan ne, itacen girki da abinci daga tudu ake kawo su. Wanda jiragen yaƙinsa suka fi yawa, in ya tare hanya, masu gadin ganuwa ba su da zaɓi sai miƙa wuya. Abin da ya sa ke nan tuta ta yi ta sauyawa a kan tudun, gwargwadon wanda ya fi ƙarfi a teku a lokacin.

Ganuwa biyu, zamani biyu

Ginin nan mai da'ira da jirgi ke kewayewa shi ake kira Fort d'Estrées. An gina shi tsakanin 1852 da 1856, aka sa masa sunan hafsan da ya ci tsibirin. A lura da shekarun: Faransa ta haramta bauta a ƙasashen da take mulka tun 1848, don haka wannan ganuwa ba domin tsare bayi aka yi ta ba. Aikinta gadin mashigar ruwan ne, a daidai lokacin da Faransa ta ƙudura niyyar fita daga tsibiri ta hau tudu. Shekara guda bayan kammala ta, a 1857, kwamandan Gore mai suna Protet ya tsallaka ya kafa tutar Faransa a inda birnin Dakar yake a yau. Tsibirin ne ya haifi birnin da daga baya ya shafe shi.

Bayan an daina buƙatar ganuwar wajen yaƙi sai aka mai da ita gidan yari. Tun 1989 kuma ta zama gidan tarihin ƙasar Senegal, ƙarƙashin cibiyar bincike ta IFAN da ke Jami'ar Cheikh Anta Diop. Ɗakunan a jere suke a kewayen tsakar gida, ana bin su ɗaya bayan ɗaya, tun daga kayan zamanin dutse, zuwa tsoffin masarautu, da shigowar Musulunci, da fataucin bayi, da mulkin mallaka. Daga kan rufin, inda tsoffin igogi suke kwance, ana hango dogayen benayen Dakar da jiragen dakon kaya suna jiran layi.

A ɗaya ƙarshen tsibirin akwai tudun da ake kira Kastel. Hanyar hawansa masu zane sun jera hotunansu a gefe da gefe. A sama akwai ramukan soja na kankare, waɗanda wasu masu sana'ar zane suka mayar ɗakunan aiki, da kuma wata ƙatuwar bindiga mai baki biyu da aka ciro daga jirgin yaƙi aka dasa ta nan kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Bindigogin tsibirin sun ga aiki. Daga 23 zuwa 25 ga Satumba 1940, jiragen yaƙin Ingila tare da Janar de Gaulle sun zo karɓe Dakar daga hannun Faransawan da ke biyayya ga gwamnatin Vichy, wadda ta sallama wa Jamus. Gwamna Pierre Boisson ya ƙi, aka yi kwana uku ana ɓarin wuta, maharan suka juya ba su sami abin da suka zo nema ba.

A gindin tudun, ta ɓangaren yamma, akwai wani ƙaramin masallaci na dutse da aka gina a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ke cikin tsoffin masallatan dutse na Senegal. Igiyar ruwa tana dukan duwatsun da ke ƙarƙashinsa. Matafiyi zai sami inda zai yi sallah a natse.

Gidan Bayi da rigimar alƙaluma

Mafi yawan baƙi ba ganuwa ce ke kawo su ba. Gidan Bayi suke nufa, wani gida mai ruwan hoda da iyalan Pépin suka gina a ƙarshen ƙarni na 18. Da an shiga, matakala biyu ne suka lanƙwasa suka haɗu a bene. A tsakaninsu wani siririn lungu mai duhu ya miƙe zuwa wata ƙofa da ke buɗewa kai tsaye a kan teku. Ita ce ake kira Ƙofar Tafiya Ba Dawowa. A ƙasa akwai ƙananan ɗakuna da aka rubuta wa suna: na maza, na mata, na 'yan mata, na yara, da wani ɗan kurkuku a ƙarƙashin matakala na masu taurin kai. A bene an baje mari da sarƙoƙi da bindigogin zamanin.

An buɗe gidan ga jama'a a 1962, kuma mutum ɗaya ne ya ɗaukaka sunansa a duniya, Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da shi har rasuwarsa a 2009. Bakinsa ya sa dubban mutane kuka. Nelson Mandela ya zo a 1991. Fafaroma John Paul na Biyu ya zo a 1992 ya nemi gafara kan fataucin bayi. Shugabannin Amurka uku sun taka tsibirin: Bill Clinton a 1998, George W. Bush a 2003, Barack Obama a 2013.

A nan ne maziyarci ke buƙatar natsuwa. An daɗe ana gaya wa baƙi cewa miliyoyin bayi ne suka fita ta wannan ƙofa. Masana tarihi, ciki har da Philip Curtin na Amurka, sun yi jayayya da haka, kuma a watan Disamba 1996 jaridar Le Monde ta Faransa ta buga wani rubutu da ya kira labarin gidan tatsuniya, abin da ya tayar da ƙura a Senegal. Hujjojin masanan a fili suke. Tsibirin ya yi ƙanƙanta, ruwan shansa bai isa ya riƙe taro mai yawa ba. Bayan ƙofar duwatsu ne da jirgi ba zai iya matsowa kusa da su ba. Gidan kansa gidan attajirai ne, iyali a sama, kaya da bayin gida a ƙasa, ko da yake akan tsare waɗanda za a sayar a irin waɗannan ɗakuna.

Kundin SlaveVoyages, wanda masana suka tattara daga takardun jiragen bayi, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 12.5 aka ɗora a jirage daga Afirka zuwa nahiyar Amurka. Daga cikinsu, kusan miliyan 5.7 daga yankin Kwango da Angola suka fita, kimanin miliyan 2 daga gaɓar da ta haɗa Legas da Badagiri da Wida, yankin Senegal da Gambiya gaba ɗaya kuwa kimanin 750,000. Rabon Gore a ciki dubbai ne, ba miliyoyi ba.

Faɗin haka ba rage girman laifin ba ne. Mutum dubu goma da aka raba da iyayensu aka sayar kamar awaki sun isa a yi kuka. Haɗarin ƙari shi ne, ranar da aka kama mai ba da labari da ƙara gishiri, masu son musanta abin da ya faru gaba ɗaya sun sami abin riƙewa. Ga kuma wani labari da ƙarin yake binnewa: a ƙarni na 18 kaso mai yawa na mazauna Gore bayin gida ne, mallakar attajiran mata 'yan ruwa biyu da ake kira sinyar. Su ne magina, su ne matuƙa kwalekwale, su ne masu daka da wanki. Gidajen nan masu kyau da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansu, hannunsu ne ya ɗora duwatsun.

Ina Bahaushe a cikin labarin?

Hausawan da aka tsallaka da su teku ba ta Gore suka bi ba. Hanyarsu ta kudu ce, ta ƙasar Nufe da ta Yarabawa zuwa Legas, da Badagiri, da Porto-Novo, da Wida. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, kuma da yawansu a jihar Bahiya ta ƙasar Barazil suka ƙare. Can ma ba su kwanta ba. Hukumomin Bahiya sun bankaɗo shirin tawayen Hausawa a 1807, aka sake yin bore a 1809 da 1814. A watan Janairu 1835, cikin azumin Ramadan, bayi da 'yantattu Musulmi suka yi babban tawaye a birnin Salvador. Yarabawa ne suka fi yawa a ciki, amma akwai Hausawa, kuma an sami layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Saboda haka Bahaushen da ya tsaya a bakin ƙofar Gore yana tsaye ne a madadin wata ƙofa, wadda ta fi kusa da gida, irin ta tsibirin Gberefu a Badagiri. Kuma in zai yi wa kansa adalci, ɗakunan ƙasa na bayin gida za su tuna masa da rinji da gandun sarauta na ƙasarmu. Bauta ba Bature kaɗai ya yi ta ba. A Arewacin Najeriya dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga shekarar, amma sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a doka. Tsakaninmu da wannan shekara bai wuce rayuwar dattijo ɗaya ba.

Daga Gore zuwa Kona

Yanzu sai mu koma kan hafsan da aka ambata da farko. Sunansa Laftanar Louis Mizon. A lokacin Faransa da Ingila da Jamus suna tseren mallakar ƙasashen Binuwai da Tafkin Chadi, kuma kamfanin Ingilishi na Royal Niger, ƙarƙashin George Goldie, yana ɗaukar kogunan biyu tamkar gonarsa. Mizon ya shigo a tafiyarsa ta biyu a 1892 da jirage biyu. Ɗaya daga cikinsu sunansa Sergent Malamine, sunan wani sajan ɗan Senegal, Malamine Camara, wanda ya yi wa Faransa aiki a Kwango. Sunan ba haɗari ba ne: daga Senegal, tsohuwar cibiyarta, Faransa take ɗibar matuƙa da sojojin da take shiga kogunan Afirka da su.

A ƙasar Muri, Mizon ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Muhammadu Nya, wanda ya daɗe yana fama da garin Kona na Jukunawa bai ci shi ba. A watan Disamba 1892 aka kai wa Kona hari da igwar Faransa. Kariyar da ta gagari dawaki da kibau ba ta jure wa igwa ba. An kashe mutane, an kama da yawa an bautar da su. Waɗannan ba a kai su teku ba, domin cinikin ƙetare ya riga ya mutu, a cikin ƙasa aka rarraba su. A 1893 sansanin yaƙin da Sarkin ya kafa kusa da wurin ya zama Jalingo, wanda ya koma mazaunin sarautar Muri, kuma tun 1991 babban birnin Jihar Taraba. Kamfanin Royal Niger ya kai ƙara, Faransa ta janye Mizon a 1893, ƙasar kuma ta faɗa rabon Ingila.

Wanda ya san wannan labari, in ya dafa igwar da ke kan rufin Fort d'Estrées, ba baƙon ƙarfe yake taɓawa ba. Dabarar ɗaya ce a wuraren biyu: mutum kaɗan, jirgin ruwa, bindiga mai cin nesa, da kuma saɓanin da ke tsakanin 'yan ƙasa wanda baƙo zai shiga ta cikinsa.

Zaren bai tsaya a Muri ba. Daga 1902 Dakar ce hedikwatar dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, don haka umarnin da ake bi a Damagaram da Maraɗi daga nan yake fitowa. Daga 1913 har zuwa ƙarshen shekarun 1930, shahararriyar makarantar horon malamai ta William Ponty a kan Gore take. Boubou Hama na Nijar a nan ya yi karatu, haka ma Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da Modibo Keita na Mali, da Houphouët-Boigny na Kwaddebuwa. Blaise Diagne, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa a majalisar dokokin Faransa a 1914, haifaffen Gore ne, kuma sunansa ne a kan filin jirgin saman da baƙo ke sauka. Har yau akwai makarantar kwana ta 'yan mata masu hazaƙa a tsibirin, mai ɗauke da sunan marubuciya Mariama Bâ.

Guzurin mai niyya

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza domin shiga Senegal, kasancewar ƙasashen biyu na cikin ECOWAS, amma fasfo mai rai da katin rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ne a riƙe. Mai tasowa daga Jalingo zai bi ta Abuja ko Legas. Filin jirgin Blaise Diagne, wanda aka buɗe a Disamba 2017, yana da tazarar kimanin kilomita 50 daga tsakiyar Dakar, saboda haka a sa lokacin hanya a lissafi. Sefa ake kashewa, Faransanci da Wolof ake ji, amma sallama irin ta Musulunci tana buɗe ƙofofi da yawa. Wanda kewar gida ta kama shi a Dakar, ya tambayi inda ake sayar da dibi hausa, gasasshen naman da Hausawan Nijar suka yi suna da shi a birnin. A nan zai ji harshensa.

Jirgin safe ya fi, kafin rana ta take kuma kafin ayarin ɗalibai su cika lunguna. A guji ranar Litinin, domin akan rufe gidajen tarihi. Akwai ɗan harajin baƙi da ake biya bayan an sauka. Masu yi wa baƙi jagora suna da yawa a bakin tasha, a daidaita farashi da su tun kafin a ɗaga ƙafa. A fara da Fort d'Estrées domin a sami shimfiɗar tarihin, sannan Gidan Bayi, sannan a hau Kastel da yamma. A tuna cewa gidajen mutane ne ake ratsawa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. A bakin ƙofar nan kuma a rage murya, domin na kusa da kai wataƙila ta'aziyyar kakanninsa ya zo yi. A kuma san lokacin jirgin ƙarshe.

Abin da za a dawo da shi

Teku tana cin Gore a hankali. Zaizaya ta taɓa gaɓarsa, gishiri yana cin bangaye, wasu manyan gine-gine na zamanin mulkin mallaka sun zama kango. Duk da haka mutanen tsibirin suna riƙe da labarinsu, suna kuma sake duba shi. A 2020 majalisar garin ta sauya wa Dandalin Turai suna zuwa Dandalin 'Yanci da Mutuncin Ɗan Adam. Senegal tana da wurare bakwai a jerin UNESCO. Najeriya, da duk girmanta, Sukur ta Jihar Adamawa ta shigar a 1999, sai kurmin Osun na Oshogbo a 2005. Ganuwar Kano kuwa, wadda ta girmi kowane gini a Gore da ɗaruruwan shekaru, gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye wurare da yawa a jikinta.

Idan ana tallar Taraba ga baƙi, tsaunin Mambila da gandun dajin Gashaka Gumti ake nunawa, kuma sun cancanta. Amma labarin 1892 ma dukiya ce, ko da yake mai ɗaci ce. Jikokin waɗanda suka kai harin da jikokin waɗanda aka kai wa suna zaune a gari ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, 'ya'yansu suna aji ɗaya. Irin wannan tarihi in ba a ba shi wurin zama na mutunci ba, yakan koma hannun masu neman abin hura wuta. Darasin Gore ta fuska biyu ne: wurin tunawa yana warkarwa, ƙari a cikin labari kuma yana jawo jayayyar da ba ta ƙarewa.

Jami'ar Jihar Taraba tana nan a Jalingo da malaman tarihinta. Masarautar Muri tana nan, dattawan Kona suna nan, takardun Faransa da na Ingila kan tafiyar Mizon suna ajiye a ɗakunan adana tarihi na ƙasashen biyu. Abin da ya rage shi ne a zauna tare, a naɗi abin da tsofaffi suka ji daga iyayensu tun suna raye, a gwada shi da abin da ke rubuce, a fitar da bayanin da kowane ɓangare zai karanta ya ce ba a zalunce shi ba. Ɗaki ɗaya da allo ɗaya sun isa a fara. Gidan da shugabannin duniya ke layin shiga a Gore ma da mutum ɗaya mai naci ya fara.